Takardun jagora na Django da tarbar sabon shiga

Django tsari ne na gina shafukan intanet da harshen rubuta manhaja na Python, kyauta ne kuma kowa na iya duba cikinsa ya gyara. Masu rubuta manhaja sun san shi da kyawun takardunsa na jagora, wato rubutun da ke bayyana yadda ake aiki da shi, da kuma yadda jama'arsa ke tarbar ɗan koyo.

Asalinsa daga gidan jarida ne. Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara gina shi a 2003 a jaridar Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas ta Amurka, aka sake shi ga jama'a a Yulin 2005. Ba mamaki abin da ya taso a tsakanin 'yan jarida ya ɗauki rubutu da muhimmanci. Jacob Kaplan-Moss, ɗaya daga cikin jagororinsa na farko, ya daɗe yana jan hankalin masu manhaja kan rubuta bayani mai kyau. Ƙa'idar aikin har yau ita ce, wanda ya kawo sabon abu sai ya haɗo da bayaninsa, in ba haka ba aikinsa bai kammala ba. Takardun suna zaune a ma'aji ɗaya da manhajar, ana tace su kamar yadda ake tace ta.

An kasa su gida huɗu: darasin farawa, bayanin batutuwa, kundin dubawa, da jagorar warware takamaiman aiki. Daniele Procida ya fayyace irin wannan rabo a tsarin da ya kira Diátaxis. Hikimar a fili take, domin buƙatar wanda bai san hanya ba daban ce da ta ƙwararren da ya manta sunan abu guda.

Darasin farawa shi ne ƙofar gidan. Ana kama hannun mai koyo ya gina 'yar manhajar jefa ƙuri'a, mataki bayan mataki. Tun a kashin farko zai rubuta umarni ɗaya, ya buɗe burauza, wato manhajar duba shafukan intanet, sai ga hoton roka tana tashi da saƙon taya murna cewa komai ya zauna daidai. Ƙaramin abu ne, amma wanda ya kwana yana fama da saƙon kuskure ya san daɗinsa.

Sai dai darasin ya ɗauka cewa mai karatu ya riga ya san Python, kuma nan ne da yawa ke tuntuɓe. Wannan giɓi ƙungiyar Django Girls ta zo cikewa. Ola Sitarska da Ola Sendecka, 'yan ƙasar Poland, suka fara ta da bita a taron EuroPython na 2014 a birnin Berlin. Bitar kyauta ce, ta mata, ana raba su ƙananan rukuni kowanne da mai horarwa a gefe. Darasinta na farawa ne tun daga yadda intanet ke aiki da yadda ake ba kwamfuta umarni a rubuce, kafin a kai ga ɗora shafi a intanet. An gudanar da irinta a ƙasashe da dama, har da Legas da Abuja da Accra ta ƙasar Ghana.

Ga mai son ba da gudummawa, ana yi wa matsaloli masu sauƙi alama ta musamman don sabon shiga ya fara da su, kuma gyaran kuskure a takardun ma gudummawa ce karɓaɓɓiya. A 2013 aka kafa ƙa'idar ɗa'a da ta haramta cin fuska da wulaƙanci.

Asalin takardun da Turanci yake. 'Yan sa-kai na fassara su zuwa harsuna kamar Faransanci da Japananci, abin da ke sauƙaƙa wa ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatu da Faransanci.