Ɗigo ja, ɗigo kore: yadda aka kai ga ganin ɗinkin da ke haddasa sankara

A shekarar 1960, a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford suka duba fararen ƙwayoyin jinin masu fama da wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya, wadda likitoci ke kira CML. Sai suka ga kuromosom ɗaya ya tsuke, bai kai tsawon da aka san shi da shi ba. Kuromosom shi ne ƙunshin da zaren gado, wato DNA, ke naɗe a ciki, kuma tantani, wato ƙaramin tubalin da aka gina jikinmu da shi, yakan ɗauki guda 46. Aka raɗa wa guntun sunan birnin, kowa ya ɗauka wani yanki ne ya gutsure ya ɓace.

Shekara 13 ana kan wannan zato, har Janet Rowley ta Jami'ar Chicago ta warware shi a 1973. Ta yi amfani da sabon rini mai fito da zane-zane a jikin kowane kuromosom, tana yanka hotuna da almakashi tana jera su a teburin cin abincin gidanta. Ashe yankin bai ɓace ba, musaya aka yi: wutsiyar kuromosom na 22 ta koma jikin na 9, guntun na 9 ya dawo jikin na 22. Tsakanin 1982 da 1985 aka gano abin da ke faruwa a bakin ɗinkin. Ƙwayar gado mai suna ABL daga na 9 tana mannewa da wata mai suna BCR ta na 22, su zama abu guda, wanda ke ta umartar tantani ya hayayyafa ba dare ba rana.

Sanin cuta daban, ganinta a jikin mara lafiyar da ke gabanka daban. Hanyar Rowley tana buƙatar tantani mai rai, a rene shi kwanaki, a kama shi daidai lokacin da yake rabewa biyu. Ɓargo yakan ba da haɗin kai, amma ƙari mai tauri irin na huhu ko na mafitsara da wuya ya yarda. Ga kuma musayar da ta yi ƙanƙanta har madubin likita ba ya nuna ta.

Maganin wannan matsala ya fito ne daga wata kusurwa dabam. A 1969 Joseph Gall da Mary Lou Pardue suka nuna cewa idan aka warware zaren DNA a cikin tantani, wani ɗan guntun zare da aka shirya zai bi ya nemo wurin da ya yi daidai da shi ya manne, kamar ƙwarya da murfinta. Wannan guntu shi ne manuni. Na farkon da sinadari mai tururin nukiliya ake yi musu alama, a jira kwanaki ko makonni kafin hoto ya fito. Da aka koma ga rini mai ƙyalli a cikin duhu, musamman bayan aikin Daniel Pinkel da Joe Gray a 1986, sai aikin ya dawo na kwana ɗaya ko biyu. Ita ce dabarar da ake kira FISH. A 1990 aka gwada ta a kan CML da launi biyu: manuni ɗaya a kan BCR, ɗaya a kan ABL. A lafiyayyen tantani za ka ga ja biyu da kore biyu, kowanne a nasa wuri. A mai ciwo kuwa ja ya hau kan kore, su ba da ɗorawa. A ganina nan ne tarihin ya juya, domin yanzu ba sai tantani yana rabewa ba, har tsohon naman da aka daskarar a kakin ɗakin gwaji ana iya yankowa a duba.

Sai dai wannan tsari yana aiki ne in ka san ango ka san amarya. Akwai ƙwayoyin gado masu yawan sauya abokin zama, kuma misali mafi kusa da mu shi ne sankarar da Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Najeriya. A cikinta ƙwayar MYC ta kuromosom na 8 takan koma na 14, amma wani lokacin da na 2 ko na 22 take haɗuwa. Don haka aka juya dabarar: a sa ja a gefe ɗaya na MYC, kore a ɗaya gefen. Muddin suna manne, lafiya. Da zarar an ga sun yi hannun riga, an tsinka wurin ke nan, ko da wa aka haɗa shi.

Abin da ya fitar da manuni daga ɗakin bincike zuwa gadon asibiti shi ne magani. A watan Mayun 2001 Amurka ta amince da imatinib, ƙwayar maganin da ke toshe aikin ɗinkin BCR-ABL, kuma mutanen da a da ake lissafa musu 'yan shekaru suka koma harkokinsu. A 2007 Hiroyuki Mano na Japan ya gano ɗinkin EML4-ALK a wani ƙaramin kaso na masu sankarar huhu. A Agustan 2011 aka amince da maganinsa, crizotinib, rana ɗaya da manunin rabuwa na kamfanin Abbott. A lokacin, ma'aikaci zai zauna a ɗaki mai duhu yana ƙirga tantani ɗaya bayan ɗaya, kuma sai kashi 15 cikin 100 sun nuna rabuwa kafin a ce mutum ya cancanci maganin.

Yau na'urorin karanta zaren gado sun karɓi wani ɓangare na aikin, don suna iya tono ɗinkin da ba wanda ya yi tsammani, alhali manuni abin da ka aike shi kawai yake kawo maka. Duk da haka bai bar fage ba, saboda saurinsa da kuma yadda yake nuna ainihin tantanin da ke ɗauke da lahanin.

A Najeriya, tun 2003 asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife yake raba imatinib kyauta ƙarƙashin wani shirin tallafi na duniya, bisa sharaɗin a tabbatar mutum yana da kuromosom ɗin Filadelfiya ko ɗinkin BCR-ABL. Wannan sharaɗi shi ya fi damuna. Mai kumburarriyar saifa daga ƙauyen Arewa sai ya tsallake kuɗin mota da kuɗin gwaji kafin ya isa ga maganin da ba za a karɓi ko sisinsa ba. Shi kansa manunin yana son firji mai wuta da madubi na musamman, kuma naman da ya daɗe fiye da kima a cikin ruwan fomalin mai hana shi ruɓewa yakan ƙi ƙyalli, sai an sake ɗibar wani.