Sashe na 702 na dokar leƙen asirin Amurka: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Mene ne wannan sashe?

Wani ɓangare ne da aka ƙara wa dokar FISA, wato dokar Amurka kan leƙen asirin waje, a 2008. Ya ba NSA, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, damar karɓar saƙonnin waɗanda ba Amurkawa ba, mazauna wajen ƙasar, daga kamfanonin sadarwar Amurka, ba tare da takardar kotu a kan kowane mutum ba.

Me ya sa ake yawan sake duba shi?

Wa'adi gare shi. In majalisar dokokin Amurka ba ta sabunta ba, ya mutu. An sabunta shi a 2012 da 2018, sai Afrilun 2024 aka ƙara masa shekara 2 kacal.

Ba Snowden ya kashe shi ba?

A'a. Tonon asirin da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin kwangila na NSA, ya yi a 2013 ya jawo dokar 2015 da ta hana kwasar bayanan kiran wayar Amurkawa a dunƙule. Wancan sashe na 215 ne na wata dokar mai suna Patriot Act, ba na 702 ba. Ku daina haɗa su.

Ni ba ɗan ta'adda ba ne, ina ruwana?

Wannan magana tana ɓata mini rai. Dokar ba ta tsaya kan ta'addanci ba, ta shafi bayanan leƙen asirin waje gaba ɗaya, kuma kai da ke Kano ko Maradi baƙo ne a idonta.

Ina hira da ƙanena da ke Amurka ta WhatsApp da Gmail. Ana karantawa?

Kwantar da hankalinka, amma saurara. Sai an zaɓi lambarka ko adireshin imel ɗinka, ko na wanda kake hira da shi, kafin saƙonku ya shiga hannu. Saƙon WhatsApp a kulle yake tsakanin wayoyin biyu, sai dai kullin bai ɓoye lambar da ka tuntuɓa da lokacin ba, kuma ajiyar hirar a Google Drive ba ta da irin wannan kariya sai ka kunna ta da kanka. Gmail kuwa kamfanin na iya buɗe shi. Ƙanenka ba za a zaɓe shi ba muddin yana cikin Amurka, to amma in an zaɓe ka, maganarsa ta biyo taka, kuma FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, na iya bincikar ta da sunansa ba tare da izinin alƙali ba. A nan rigimar take. A 2024 an nemi a wajabta izinin, ƙuri'a ta tashi 212 da 212 a majalisar wakilai, gyaran ya faɗi.

Za a sanar da ni in an zaɓe ni?

Ba za a sanar da kai ba.