Shin Dokar Tarayya Tana Iya Soke Kowace Dokar Jiha?

Duk lokacin da gwamnatin tsakiya ta samu saɓani da wata jiha, sai a ji ana yaɗa cewa dokar tarayya tana shafe kowace dokar jiha, wai domin jihohi rassa ne kawai. Wannan fahimta ba daidai ba ce. A tsarin tarayya, kundin tsarin mulki ne yake ba kowane mataki ikonsa, don haka jiha ba aron iko ta yi daga gwamnatin tsakiya ba.

Akwai rabon iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da kotuna, wanda kowa ya sani. Wanda ya fi rikita mutane shi ne rabo tsakanin tarayya da jihohi, kuma yawanci kashi uku ne: abubuwan da tarayya ta keɓanta da su, kamar tsaro da buga kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje, abubuwan haɗaka da kowa zai iya yi wa doka, sai ragowar abubuwan da ba a ambata ba.

A kashi na biyu rigimar take. Sashe na 4(5) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi cewa idan dokar jiha ta ci karo da ingantacciyar dokar Majalisar Tarayya, ta tarayya ce za ta rinjaya, amma iya wurin da suka saɓa ne kaɗai yake faɗuwa, sauran sassan dokar jihar suna nan daram. Sharaɗin inganci ma ba ado ba ne, domin idan majalisar ta yi doka kan abin da ba huruminta ba, kotu tana iya rushe dokar.

Ragowar iko kuwa kowace ƙasa da nata tsarin. Amurka ta bar wa jihohi ko jama'a ta hanyar gyara na goma da aka yi wa kundin tsarin mulkinta a 1791, Indiya kuma ta miƙa wa majalisar ƙasa a sashe na 248 na nata kundin. Jerin abubuwan da ke cikin kowane kashi ma yana canzawa, domin a 2023 Najeriya ta mayar da harkar jirgin ƙasa cikin jerin haɗaka. Sai dai jihar da aka ba hurumin shimfiɗa layin dogo, alhali manyan hanyoyin samun kuɗin shiga suna hannun tarayya, da wuya ta iya yin aikin ba tare da ta nemi tallafi ko rance ba.