Kacimen ba lambatu ba ne

Tun da Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, wata kalmar Turanci ta zauna daram a bakin jami'an gwamnati: kacimen. Kwamishina ya faɗa, injiniya ya faɗa, mai gabatar da shiri ya maimaita, sannan ya waiwayo ga masu sauraro ya ce, "wato magudanar ruwa ke nan." A nan nake rage murya in yi tsaki. Duk Bakanon da ka ce wa magudanar ruwa, lambatun ƙofar gidansa zai hango, cike da ledar fiya wata. Shi ke nan an mayar da magana mai faɗin gari guda ta koma aikin yasar kwata na ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Ruɗanin kuwa ba ƙarami ba ne, yanzu da haƙar mai da gas ta matso Arewa.

Ɗaya ruɗanin ya ma fi ba ni haushi, domin masu ilimi ne ke yin sa. Yawancinmu a wajen neman gurbin jami'a muka fara jin kalmar, inda ake raba gurabe kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin kacimen, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. Sai ta zauna a kanmu a matsayin jerin sunaye da wani ya tsara a ofis. Shi ya sa na ji wani ɗan siyasa a rediyo yana kumfar baki wai ba a "saka" ƙaramar hukumarsa a kacimen ba, zai kai kuka sama. Ranka ya daɗe, ba a saka mutum a ciki, ba a kuma cire shi. Gangaren ƙasa ne ya riga ya yanke hukuncin tun kafin a san za a yi ƙananan hukumomi 44.

A harkar ruwa, abin da ake nufi shi ne duk faɗin ƙasar da in an yi ruwan sama a kanta, ruwan zai gangara ya fita ta baki ɗaya. Ƙasar ake nufi, ba ruwan ba. Ni dai matattarar ruwa nake ce mata, duk da na san wani zai ɗauka tafki nake nufi. Mafi sauƙi, ka tuna soron ƙasa na cikin birni. Magini yakan karkatar da rufin ta yadda duk ɗigon da ya sauka zai bi ta indararo. To rufin nan shi ne matattara, indararon kuma bakin fita. In soron na da indararo biyu, akwai wani ɗan doro a tsakiya da ya raba ruwan gida biyu, wannan ya zuba tsakar gida, wancan ya zuba lungu. Wannan doron shi ne iyaka. Kuma duk wanda ya tashi a cikin Badala ya san rigimar indararo: ka juya naka ya kalli katangar maƙwabci, damina ɗaya ta ishe ku zuwa gaban mai unguwa, shi kuma abin da zai fara tambaya shi ne, da can ina hanyar ruwan take? Ilimin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Sunan ne kawai ya zo da kwat.

Kano kanta soro ce mai indararo biyu. Ruwan da ya sauka a cikin birni da Fagge da Sabon Gari, Jakara yake nufa, ya yi arewa maso gabas. Wanda ya sauka ta wajen Sharaɗa da Fanshekara kuwa kudu yake yi, ya faɗa Challawa, wadda ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi Komadugu Yobe har tafkin Chadi. Kana iya tsallake iyakar nan a cikin adaidaita sahu ba ka sani ba, don babu allo, babu shingen 'yan KAROTA.

Bari in tsaya a kan Jakara, don ita ce darasin da muka riga muka biya kuɗinsa. Rafin da ke cikin tarihin kafuwar garin nan, wanda kasuwar Kurmi ta tsiro a gefensa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yau sunansa kawai za ka kira mutum ya toshe hanci. Ba mutum ɗaya ya kashe shi ba, kuma ba a bakinsa aka kashe shi ba. Ruwan wankan gidaje, jinin mayanka, baƙin man garejin makanikai, duk daga nesa suke tahowa ta ƙananan kwatoci da ba su da suna. Can gaba rafin Getsi ya shigo da nasa kason daga masana'antun Bompai, har da ruwan majemu mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, sai duka su tafi dam ɗin Wasai a Minjibir. Na taɓa tsayawa da rani a lambunan Kwakwaci na ga wani dattijo yana ba latas ruwa. Ya jefa tiyon injinsa cikin rafin, ruwan na fitowa launin toka da kumfa a kai, latas ɗin kuwa kore shar, ya fi na kowa kyau. Na ce, "Baba, wannan ruwan fa?" Ya ce, "Ɗan nan, shi muka samu, kuma taki ne." Ba ni da amsar da zan ba shi. Gonarsa ba ta kai rabin eka ba, amma abin da ke shiga cikinta aikin mutanen da bai taɓa gani ba ne, masu nisan kilomitoci daga gare shi. In ka ce za ka kare lambunsa ta hanyar kewaye shi da waya, ka yi aikin baban giwa. Iyakar lambun nan ta gaskiya tana can kan doron da ya raba ruwan Jakara da na Challawa.

Kududdufan cikin birni ma da aka bi aka cike aka yi shaguna a kai, cikin lissafin suke. Su ne ke riƙe ruwa ya huce kafin ya kai rafi. Yanzu ruwan awa ɗaya sai ya iso gaba ɗaya, mu ce ambaliya daga Allah.

To me ya haɗa wannan da haƙar gas? Kano dai a kan tsohon dutse take zaune, irin wanda ba ya ajiye mai, don haka ba a Dala za a kafa na'urar haƙa ba. Abin da ke nufo mu bututun gas na AKK ne mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta ta Kaduna, wanda aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2020, kuma shi ma rafuka yake tsallakowa. Amma haƙar ta matso Arewa: Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, inda Shugaba Buhari ya je a Nuwamban 2022, sai Obi a Nasarawa da Wadi a Borno a 2023. Sunan Kolmani ma na rafi ne, abin da masu murna ba su cika lura da shi ba. Ruwan wannan yanki Binuwai yake nufa, ba Chadi ba kamar namu.

Waɗanda suka riga mu shiga wannan harka a wuri mai yawan ƙoramu su ne mutanen jihar Pensilbaniya a Amurka, inda aka fara haƙo gas daga dutsen Marcellus a 2004. Dabarar ita ce a tura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfin gaske su farfasa dutsen. Rijiya ɗaya kan sha lita miliyan goma sha wani abu, wani kaso kuma ya dawo sama ya fi ruwan teku gishiri nesa ba kusa ba. Ko ba a yi wannan farfasawar ba, kowace rijiyar mai tana da filin da aka share, da hanyar manyan motoci, da ramin zuba lakar haƙa. Duk waɗannan a kan soron wani suke zaune.

Dalilin da ya sa ƙananan rafuka suka fi zama abin damuwa ke nan. Tanka ɗaya ta ruwan gishiri in ta kife a babban kogi, kogin zai shanye abin kunyar, gwaji ma ba zai nuna komai ba. In ta kife a ƙoramar da yaro ke tsallakewa, wadda ƙauye guda ke sha, shanu na sha, an gama da ita. Haka ɗibar ruwa: abin da ba zai girgiza dam ɗin Tiga ba zai iya ƙafar da ƙorama a watan Maris. Saboda haka duk wanda ya nuna maka taswirar matattarar kogunan Haɗeja da Jama'are gaba ɗayanta ya ce an yi nazarin kacimen, ya nuna maka hoton gari ne alhali gidanka ka tambaya. Manyan matattaru cike suke da ƙanana, kamar ƙwarya cikin ƙwarya, ɓarna kuma a ƙaramar take farawa.

Zana taswirar ba tsafi ba ne. Tun shekarar 2000 wani kumbon Amurka ya auno tudu da kwarin mafi yawan duniya, kuma bayanan kyauta suke a intanet, an yanka ƙasa gida-gida, kowane kimanin mita 30. Kwamfuta takan tambayi kowane gida, cikin maƙwabtanka takwas wa ya fi ka gangare? Ta bi amsar har ƙasa. Ka ɗora yatsa a inda ake ɗibar ruwan sha, ta zana maka duk gidajen da ruwansu ke ƙarewa a nan. Ɗalibin labarin ƙasa a BUK zai iya yin wannan kafin la'asar. Sai dai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu kwamfuta na yawan ɓata hanya, don ba ta ganin kwalbati, ba ta san an yi titi ya juya ruwa ba. Dole a sa takalmi a bi sawu da damina, a tambayi masu lambu da makiyaya. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma, wanda burtsatse ke zuƙowa, ba kullum yake bin iyakar na sama ba, nasa binciken daban ne.

Abin da ya fi taswirar muhimmanci shi ne lokacin da aka yi ta. Tun ran gini ran zane. A garin Dimock na Pensilbaniya an shafe shekaru ana shari'a bayan gas ya bayyana a rijiyoyin gidaje a 2009, kuma gardamar irin wannan kullum ɗaya ce: kamfani ya ce dama haka ruwanku yake, mai gida ya ce ƙarya ne, wanda bai auna ruwansa kafin a fara haƙa ba kuwa rantsuwa kawai gare shi. A 2012 jihar ta yi dokar da ke ɗora zargi a kan mai haƙa in ruwan sha ya lalace cikin tazarar ƙafa 2,500 daga rijiyarsa. Madalla, amma da'ira ce aka zana da kamfas, ruwan gangare kuwa bai san da'ira ba. Na fi ganin hikimar hukumar kogin Delaware, wadda a 2021 ta haramta farfasa dutsen a duk faɗin matattarar kogin, ba bisa iyakar jiha ba. Sai ga shi a jiha ɗaya, manomin da ruwan gonarsa ke zuba Delaware ba a haƙa a filinsa, na bayan tudu ana haƙa a nasa. Masu filayen sun yi ƙorafi, har sun je kotu, kuma ban ga laifinsu ba, kuɗi ne suka wuce su. Amma miliyoyin mutane ne ke shan kogin, ciki har da birnin New York.

Mu nan ba sai mun je Amurka neman izina ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya samu sinadarin benzin, wata guba da ke cikin ɗanyen mai, a rijiyoyin sha na Ogale ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli kuwa muna da ita tun 1992. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 3 na kuɗin gudanar da aikin kamfani don al'ummomin da ake haƙa a yankinsu, kuma ina jiran ranar da za a fara rigimar wane ƙauye ne ya cancanta. Za a duba wanda rijiyar ke filinsa, a ba hakiminsa kujerar gaba a wurin taro. Na can ƙasan rafin, mai nisan kilomita goma, wanda ruwan zai fara isa tulunsa, wataƙila a wata ƙaramar hukuma yake, ko ma wata jiha, sunansa ba ya cikin jerin kowa.