Motsa ƙwaƙwalwa da haske da sauti

Motsa ƙwaƙwalwa da haske da sauti wata dabara ce da ake haska wa mutum fitila mai ƙiftawa, ko a kunna masa ƙara mai bugu a jere, domin lantarkin da yake cikin ƙwaƙwalwarsa ya bi wannan bugun. Ba a tsaga kai, ba a jona wa mutum wuta, ta ido da kunne kawai abin yake shiga, shi ya sa ake ganin ai kayan da kowa yake da su a gida kamar wayar hannu, kwamfuta, iyafis da ƙwan lantarki za su iya yin aikin. Cewa ƙwaƙwalwa tana bin bugun, wannan kam an tabbatar tun 1934. Maganar cewa bin bugun yana maganin cuta, musamman ruɗewar tsufa, ita ce har yanzu ake kan gwaji kuma bakin masana bai zo ɗaya ba.

Bugun ƙwaƙwalwa

Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa da ɗan ƙaramin lantarki suke aika wa juna saƙo, to idan dubbansu suka harba tare sai abin ya fito da tsari har a iya auna shi ta saman fatar kai da na'urar EEG. Ana ƙirga shi da Hz, wato sau nawa a sakan ɗaya. Mafi jinkiri shi ne delta, ƙasa da 4, na barci mai nauyi. Sai tita daga 4 zuwa 8, sai alfa wajen 8 zuwa 13 wanda yake fitowa sosai idan mutum ya rufe ido ya saki jiki, sai bita har zuwa 30, abin da ya haura nan kuma gama ake ce masa. Iyakokin nan ba a kafe suke ba, wani littafin zai ce alfa a 12 ya tsaya.

Tarihi

Na farko da aka fi ambata shi ne Jan Purkinje, masanin aikin jiki ɗan ƙasar Cek, wanda a rubutunsa na 1819 ya bayyana yadda yake fuskantar rana ido a rufe yana kaɗa yatsunsa a gaban fuska, sai ya riƙa ganin zane-zane da launuka da babu su a waje. Duk wanda ya taɓa rufe ido a cikin mota ana gudu a titin da darbejiya ta jeru da yamma, rana tana ratsowa ta tsakanin itatuwa, ya san irin abin da ake nufi.

Auna abin kuma sai da Hans Berger ya zo, likitan ƙwaƙwalwa a garin Jena na Jamus. A 1924 ya fara ɗaukar lantarkin kan ɗan adam amma ya ƙi bugawa sai 1929 saboda shi kansa yana ta kokwanto, da ya buga ɗin ma mutane ba su yarda ba, aka ce ƙila motsin na'urarsa ne kawai. Edgar Adrian da Bryan Matthews na Kambirij a Ingila su suka wanke shi a 1934, har kan shi Adrian ɗin suka auna, kuma a aikin nan ne suka nuna cewa idan aka haska wa mutum fitila mai ƙiftawa to lantarkin ƙeyarsa, inda cibiyar gani take, yana komawa daidai da saurin fitilar. Duk abin da ake tallatawa yau a kan wannan binciken ya tsaya.

Bayan yaƙin duniya na biyu William Grey Walter a Bristol ya ci gaba da aikin da fitila mai ƙarfi wadda ake iya saita saurinta. Wajen 1946 ya ga abu biyu. Masu lafiya suna ba da labarin ganin launuka da abubuwa masu juyawa, wasu mutane kuma lantarkinsu yana rikicewa irin na mai farfaɗiya. Na biyun ya shiga asibiti ya zauna, har gobe idan za a yi wa mutum gwajin EEG akan haska masa fitila a sauri daban-daban a ga ko za ta tayar da alamar ciwon. Na farkon kuma masu zane da marubuta ne suka ɗauke shi. Wani mai zane Brion Gysin, wanda irin wancan abin na itatuwa ya same shi a motar bas a hanyar Marseille ta Faransa a ƙarshen 1958, ya haɗa kai da wani ɗalibin lissafi Ian Sommerville suka ƙera abin da suka kira Dreamachine wajen 1960: kwali ne aka naɗe kamar ganga aka yanka masa ƙofofi, a ɗora a kan garmaho mai juyi 78 a minti, a rataya ƙwan lantarki a tsakiya, mutum ya zauna a gabansa ido a rufe, hasken yana dukan fatar idonsa sau 8 zuwa 13 a sakan. Wato tun farkon fari da kayan gida aka soma. A shekarun 1980 da 1990 sai kamfanoni suka mayar da shi tabarau mai ƙananan fitilu haɗe da abin sawa a kunne, suna cewa yana kawo natsuwa da kaifin basira, hujjarsu dai ba ta taka kara ta karya ba.

Ta ɓangaren sauti labarin ya fi tsufa. Ana jingina wa Bajamushe Heinrich Wilhelm Dove gano bugun kunne biyu wajen 1839. Yadda yake shi ne a sa wa kunnen hagu sautin 400 Hz, na dama 410, sai mutum ya ji wani bugu sau 10 a sakan wanda babu shi a cikin iska, a can gindin ƙwaƙwalwa inda saƙon kunnuwan biyu yake haɗuwa aka ƙirƙire shi. An manta da batun tsawon lokaci sai da Gerald Oster ya yi rubutu a kai a mujallar Scientific American a 1973, shi tunaninsa ma a yi amfani da shi wajen gano cuta ne, amma Robert Monroe a Amurka ya mayar da shi kaset na natsuwa da barci ya kafa cibiya a kai. Jikokin kaset ɗin nan su ne yau suka cika YouTube.

Akwai kuma Andrew Neher da ya gwada kiɗan ganga a farkon shekarun 1960 ya ce bugunta yana jan lantarkin ƙwaƙwalwa, daga nan wasu suka so su fassara hawan bori da garayarsa da butarsa da wannan. Masana da dama sun soki aikin, mutanen da ya gwada kaɗan ne.

Batun 40 Hz da cutar Alzheimer

Abin da ya dawo da maganar bakin duniya shi ne aikin ɗakin binciken Li-Huei Tsai a jami'ar MIT ta Amurka. A Disambar 2016 suka buga a mujallar Nature cewa ɓerayen da aka sauya wa halitta don su kamu da irin cutar Alzheimer mai kawo ruɗewar tsufa, idan aka sa su a gaban fitila mai ƙiftawa sau 40 a sakan na awa ɗaya, wani furotin da ake kira amiloyid, wanda yake taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar, yana raguwa kusan rabi a cibiyar gani. Sai dai kafin kwana ɗaya ya dawo, sai da aka jera sati ana yi kullum sannan aka ga curin da ya daskare ma ya ragu. Sun ce ƙwayoyin da suke sharar ƙwaƙwalwa, maikrogiliya, su ne suke farkawa. A 2019 suka ƙara sauti, ɗan gajeren ƙas-ƙas sau 40 a sakan, suka ce haɗa shi da haske yana kai tasirin har gaban ƙwaƙwalwa kuma ɓerayen sun fi tuna hanya. A 2024 suka kawo wani bayanin, wai bugun yana ƙara gudun ruwan da yake wanke ƙwaƙwalwa. Ba a banza aka zaɓi 40 ba, tun 1981 Robert Galambos da abokan aikinsa suka nuna ƙwaƙwalwar mutum tana amsa sauti mai wannan saurin da ƙarfi na musamman.

To amma ɓera ba mutum ba ne, kuma a ɓeran ma ba kowa ya samu abin da suka samu ba. A 2023 ɗakin binciken György Buzsáki a jami'ar New York ya maimaita gwajin hasken bai ga raguwar amiloyid ba, ya ce ƙiftawar ba ta isa can cikin cibiyar ajiye tunani sosai, kuma ɓerayen gudun fitilar suke yi.

A mutane gwaje-gwajen farko ƙanana ne. Na MIT da aka buga a 2022 mutum 15 ne masu cutar a matakin farko, wata uku, awa ɗaya kullum a gida, abin da ya fi nunawa shi ne babu illa mai tsanani kuma tsofaffin suna iya jurewa. Kamfanin Cognito Therapeutics, wanda ita Tsai da abokin aikinta Ed Boyden suka kafa, ya gwada na'urarsa ta tabarau da abin kunne a mutum sama da 70 na wata shida, babban ma'aunin da aka sa a gaba bai nuna bambanci ba, amma sun ba da rahoton cewa ƙanƙancewar ƙwaƙwalwa ta yi jinkiri a waɗanda aka yi wa na gaske idan an kwatanta da waɗanda aka yi wa na bogi. Daga nan suka shiga babban gwaji mai mutum sama da 600.

Shin waya za ta iya?

A nan lissafi yake shigowa. Sikirin ɗin da yawa daga cikin wayoyin da ake sayarwa a kasuwar waya ta Farm Center a Kano sau 60 yake sabunta hoto a sakan, 40 kuma ba ta shiga 60 cif, don haka ƙiftawar takan fito a karkace, wata doguwa wata gajera. Sikirin mai 120 shi zai iya, tunda 120 a raba uku 40 ne, amma fa sai manhajar ta riƙe saurin wayar ba ta rage shi don tattalin caji ba. Bidiyo kuwa mafi yawansa hoto 30 ne ko 60 a sakan, to bidiyon da aka rubuta masa 40 Hz a kai yana iya zama komai ma. Hasken sikirin bai kai na allon fitilar da ake gwaji da shi ba, sifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kaurin 40 Hz sai dai ƙas-ƙas ɗin, iyafis na Bluetooth kuma yana da ɗan jinkiri da zai raba sauti da haske. Shi bugun kunne biyu dole sai da iyafis a kunne biyun, kuma idan tazarar sautukan ta wuce wajen 30 ba a cika jin bugun ba.

Ƙwan lantarkin gida ma yana ƙiftawa ba tare da an roƙe shi ba. Wutar Najeriya 50 Hz ce, saboda haka doguwar fitila da ƙwan LED mai araha sukan ƙifta sau 100 a sakan, ido ba ya gani amma idan ka ɗora kyamarar waya za ka ga layi-layi suna tafiya. Wannan ba magani ba ne, wasu ma ciwon kai yake sa su.

Bugun kunne biyu a ma'auni

Wani nazari na 2019 da ya tattara bincike 22 ya ga matsakaicin amfani wajen rage fargaba da jin zafi da kuma tunawa. Wani na 2023 da ya duba ko ƙwaƙwalwa tana bin bugun da gaske ya samu bincike 14, biyar suka ce e, takwas suka saɓa, ɗaya ya tsaya tsakiya. Ɗalibin da yake sa shi a kunne lokacin karatun jarrabawa yana iya samun natsuwa, ko don ya toshe masa ƙarar janareton maƙwabta ne.

Haɗari

Babban haɗarin farfaɗiya ce. Kimanin kashi 3 cikin 100 na masu farfaɗiya, haske mai ƙiftawa yana tayar musu da ciwon, ya fi yawa a yara da matasa, kuma saurin da ya fi tayarwa yana tsakanin 15 da 25 a sakan, duk da daga 3 zuwa sama ma yana iya yi. Abin da ya faru a Japan ranar 16 ga Disamba 1997 shi ake kafa misali da shi: wani kashi na katun ɗin Pokémon ya nuna ja da shuɗi suna ƙiftawa wajen sau 12 a sakan, aka kwashi masu kallo 685 zuwa asibiti, akasarinsu yara. Ƙa'idar masu tsara shafukan intanet yanzu ita ce kada abu ya walƙa fiye da sau uku a sakan. Wasu ba su san suna da matsalar ba sai ranar da ta faɗo, kuma a gari irin Kano inda yaro in ya faɗi a wajen biki ƙarƙashin fitilun DJ za a fara cewa iska ce ta taɓa shi, ba kowa ne zai kawo fitilar a ransa ba. Fanka mai juyawa a ƙasan ƙwan lantarki da doguwar fitilar da ta kusa mutuwa su ma suna cikin abin da akan ja hankali a kai. Masu ciwon ɓarin kai su ma ba sa shiri da ƙiftawa.

Sai kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar desibel 80 kada ta wuce awa 40 a sati ga babba, wanda yake kwana da iyafis har asuba zai iya wuce haka bai sani ba.

A Kano

Ba a san dabarar a matsayin magani a asibitocin gari ba, ta waya ake cin karo da ita, a YouTube da TikTok da guruf-guruf na WhatsApp. Tsohon da ya fara mantuwa yana maimaita tambaya ko ya ɓata a unguwarsu akan ce gigin tsufa ne a bar shi a gida, alhali wani lokacin hawan jini ne, ko ciwon suga, ko ƙarancin bitamin B12, ko rashin ji, abubuwan da likita zai iya dubawa. Masu irin wannan larura da masu farfaɗiya ana ganinsu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala da na Dawanau.