Wa Ya Cancanci Samun Lasisin Bindiga a Jihohin Amurka?

Shin doka ɗaya ce ke aiki a duk faɗin ƙasar?

A'a. Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulki a 1791 ya amince da 'yancin mallakar makami, amma gwamnatin tarayya ƙaramin mizani kawai ta gindaya, kowace jiha kuma tana ɗora nata sharuɗɗan a kai. Shi ya sa mazaunin Illinois sai ya nemi katin izini kafin ya mallaki bindiga, alhali Vermont ba ta neman lasisi, Texas ma tun 2021 ta daina tilasta shi ga mai son yawo da ƙaramar bindiga.

Su waye doka ta haramta wa?

Dokar tarayya ta 1968 da gyare-gyarenta sun hana wanda aka taɓa samu da laifin da hukuncinsa ya haura ɗaurin shekara guda, da wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda aka kora daga soja cikin ƙasƙanci. A 1996 aka ƙara wanda aka samu da laifin dukan iyalinsa, kuma a ganina wannan ƙari ya dace matuƙa, domin bindiga a gidan da ake cin zarafin mace hatsarinta a fili yake. Dillalai masu lasisi suna tantance mai saye ta rumbun bayanan hukumar FBI.

Batun shekaru fa?

A dokar tarayya, shekara 18 ga doguwar bindiga, 21 ga ƙarama, idan daga dillali za a saya.

Dole ne mai nema ya bayyana dalili?

A da jihar New York tana buƙatar haka ga mai son lasisin yawo da ƙaramar bindiga, har Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin a watan Yunin 2022. Sai jihar ta tsaurara wasu matakan, inda yanzu take neman horon awa 16 a aji da awa 2 na gwajin harbi, tare da mutum huɗu da za su shaidi halin mai nema.

Baƙo zai iya samu?

Mai takardar zama na dindindin yana iya nema. Ɗalibi ko maziyarci mai biza ta wucin gadi an hana shi, sai a ƴan yanayi kamar mallakar lasisin farauta. Ya kamata a kuma sani cewa lasisin wata jiha ba lallai ya yi aiki a maƙwabciyarta ba, kuma ƙetare iyakar jiha da bindiga ba tare da bincika dokar jihar da za a shiga ba yana iya kai mutum gidan yari.