Mura da bugun zuciya: ina gado ya shigo?

Da gaske mura tana iya rikita bugun zuciya?

Tana iyawa, amma ba ga kowa ba. Ga yawancin mutane, mura ko korona takan zo ta wuce, abin da zuciya ke gani bai fi ɗan saurin bugu ba. Sai dai akwai waɗanda aka haifa da lahani a tsarin lantarkin zuciyarsu, yana kwance shiru shekara da shekaru. Ba bairos ne ya dasa shi ba, tono shi kawai yake yi.

Wane irin lahani ne?

Zuciya tana bugawa ne saboda sinadaran sodiyum da fotashiyam suna shiga suna fita ta wasu 'yan ƙofofi a jikin ƙwayoyinta. Ƙwayar gado mai suna SCN5A ce ke tsara ƙofar sodiyum. Idan ta zo da tangarɗa, ana iya samun ciwon Brugada, wanda wasu likitoci biyu 'yan Sifaniya, wa da ƙane, Pedro da Josep Brugada, suka bayyana a 1992. Wannan ciwo ba ya shiri da zafin jiki. Ƙofar da dama lallaɓawa take yi, da zazzaɓi ya hau sai ta ƙara gazawa, bugun ya rikice, mutum ya sume ko ma zuciyar ta tsaya, galibi da dare. Ya fi kama maza, kuma ya fi yawa a kudu maso gabashin Asiya. A Tailan tun da daɗewa suna da suna ga irin wannan mutuwar cikin barci: lai tai. A 2020 likitoci sun ga alamar Brugada ta fito a gwajin ECG (awon lantarkin zuciya) na masu zazzaɓin korona da ba su taɓa sanin suna ɗauke da ita ba.

Zazzaɓin ne kaɗai matsalar?

A'a, wani lokacin maganin ne. Akwai ciwon da ake kira doguwar QT, inda zuciya ke jinkirin shiryawa kafin bugu na gaba. Kusan mutum 1 cikin 2,000 ake haifa da shi. Kulorokwin da azitiromaisin suna ƙara wannan jinkiri, amai da gudawa kuma suna zubar da fotashiyam. Abin takaici, irin magungunan nan ne jama'a suka yi ta haɗawa lokacin korona, ga shi azitiromaisin ba ya kashe bairos. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kansa tun 2013.

Mu fa, ya shafe mu?

Ƙwarai. Akwai wani sauyi a SCN5A ɗin, S1103Y, da ya fi yawa a tsakanin masu tsatson Afirka ta Yamma. Kusan kashi 13 cikin 100 na baƙaƙen Amurka suna da shi. Shi kaɗai ba ciwo ba ne, haɗarinsa kan tashi ne in ya gamu da irin magungunan can ko ƙarancin fotashiyam.

To wa ya kamata ya je asibiti?

Wanda a gidansu wani matashi ya taɓa kwanciya lafiya lau bai tashi ba, ko wanda yake suma in zazzaɓi ya kama shi. A fara da ECG. Idan uwa ko uba na ɗauke da lahanin, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gadonsa, shi ya sa ake duba 'yan uwa. Wanda aka tabbatar yana da Brugada, ya sauke zazzaɓi da farasitamol da wuri, kuma ya gaya wa likita ko mai kemis kafin a ba shi kowane magani.